Ranar da Gwiwata Ta Miƙe

A garinmu, can bakin kogi kudu da Sinja, yaro ba ya gaida babba a tsaye. Tun daga nesa kake tuɓe takalmi, ka rage tsawo, ka kafa ido a ƙasa, kuma ba ka tashi sai an sallame ka. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Jiki ne ya ɗauka tun ina ƙarami, har ta kai ko muryar dattijo na jiyo ta bayan darni, gwiwata kan lanƙwashe kafin in san ko wane ne. Da wannan gwiwar na shiga makarantar sakandare ta kwana a Sinja, wajen ƙarshen shekarun sittin, kuma ita ce ta fara neman tona mini asiri.

Asirin dai shi ne, a makaranta ban gaya wa kowa ni Bahaushe ne ba. Larabcina garau yake, sunana a rajista irin na kowane Musulmi, in kuwa an tambaye ni garinmu sai in ce bakin kogi, in yi maza in sako wata hira. Ba don kunya kaɗai na yi haka ba, ko da yake kunyar ma tana ciki, ba zan yi wa kaina ƙarya da tsufana ba. Babban dalilin shi ne kadet, wato horon soja da ake ba 'yan makaranta. Sau biyu a mako, bayan la'asar, sai mu sa kaki da but, a ba mu tsofaffin bindigogi da aka cire wa kayan ciki, a yi ta gasa mu a fili. Wanda ya jure har ya tsaya a faretin ƙarshen shekara, hafsa zai sa masa hannu a takardar shaida, kuma dukanmu mun yi imani cewa mai wannan takarda ya sa ƙafa ɗaya a kwalejin hafsoshi. Ni kuwa na ga yadda tsufa ke kama mutum a bakin kogi, tsakanin gonar albasa da tarun kifi, na ce ba da ni ba.

Amma akwai wata magana da ke yawo a ɗakin kwana, wai duk wanda aka gane Fallati ne, kamar yadda Larabawan ƙasar suke kiran mu Hausawa, sai ya fara kawo jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kafin a bar shi ya ci gaba. Ko gaskiya ce ko ƙarya, ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba, don tambayar kanta tona kai ce. Abin da na sani shi ne mahaifina ba shi da wannan takarda, kuma ba ta uba, ba ta ɗa. A ƙasar nan aka haife shi, a nan aka binne ubansa, amma ya rantse babban yatsansa ba zai taɓa takardar gwamnati ba.

"Hukuma ba ta rubuta sunan mutum don Allah," haka yakan ce. "Yau su rubuta ka, gobe su ƙidaya awakinka, jibi su ce ka koma inda ka hito. Ina zan koma? Ga kabarin ubana can ƙarƙashin tsamiya."

Ranar da na gaya masa na shiga kadet, bai ɗago daga tarun da yake gyara ba, ya ce, "Mi kaka nema ga bindigar mutane?" Zargin nan nasa na gada, sai dai shi hukuma kaɗai yake zargi, ni kuwa na wuce shi, kowa nake zargi.

Mutum ɗaya ne a makarantar ya san ko ni wane ne, wani ɗan ajinmu daga garin Hajj Abdalla, shi ma Bahaushe. Dogo ne kamar ni, sai dai shi ba ya minti biyar bai yi dariya ba. Ubansa yana da hawasha, wato gonar auduga ta gwamnati, da sunansa, saboda haka takardunsu cikakku ne, ɓuyan da yake yi don ni yake yin sa. Mun yi alkawari ba Hausa a cikin makaranta, sai ranar Juma'a in mun sauka kogi wanki. Ya taɓa bi na gida hutu ya kwana bakwai, Baba ya koya masa tuƙa kwalekwale, har yana tsokanata wai ɗan masu auduga ya fi ni hannu a ruwa.

Mai horar da mu wani tsohon soja ne da muke kira shawish, wato saja, siriri, gashin bakinsa ya yi fari. Yana da wata sanda mai ƙafa biyu da yake buɗewa ya auna taku, in naka ya gaza ko ya zarce da faɗin yatsa biyu, za ka zaga fili da bindiga a sama. A wurinsa fareti ba shi da "kusan daidai". Babban yatsa a kan ɗinkin wando. Hannu ya tashi daidai kafaɗa, ba sama ba, ba ƙasa ba. In ya ce "intibah", wato a ƙame, so yake ya ji dugaduganmu duka sun bugi ƙasa da ƙara ɗaya, in ya ji biyu sai ya runtse ido kamar an taka masa miki. Kan bel da toka da lemun tsami muke goge shi. Kaki kuwa da kunun sitaci muke jiƙa shi, mu bi shi da dutsen guga na gawayi har wando ya iya tsayuwa shi kaɗai a tsakar ɗaki. But shi ne azaba: yawu, da baƙin mai, da tsumma, kana murzawa kana murzawa har sai ka ga haƙoranka a ciki. Yaran yanzu da nake gani suna jan ƙafa a fareti, da shawish zai tashi ya gan su, da kansa zai nemi a mayar da shi kabari.

Duk wannan na iya shi, har na fi da yawa daga cikinsu. Inda na faɗi shi ne ranar duba sahu ta farko. Shawish ya zo yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gabana, ya ce wani abu a kan maɓallin aljihuna. Furfura ce a gabana tana magana. Ban san lokacin da gwiwata ta ɗan saki ba, idona ya sauka kan takalminsa. Ba durƙusawa na yi ba, ɗan rage tsawo ne da bai kai tsawon yatsa ba, ko na kusa da ni bai lura ba. Shawish ya lura. Ya dube ni daga hula har but, ya sake dubana, sannan ya zaga ya taɓa bayan gwiwata da sandarsa.

"Gwiwa, ya walad," wato kai yaro, ya ce a hankali. "Kuma idona yana nan sama, ba a ƙasa na ajiye shi ba."

Daga ranar ya sa ni gaba. Kowane horo sai ya tsaya a gabana, hancinsa ya kusa taɓa nawa, ya yi ta yi mini tambayoyin da ba su da alaƙa da soja. Me kuka ci ranar idi? Ku nawa ne a gidanku? Me ubanka yake nomawa? Ni kuwa kowace tambaya tarko na ɗauke ta. Sai na auna kalma kafin in furta, kada wani harafi ya zame ya fito da ƙamshin gida. Na ce dawa muke nomawa, na bar albasa da kifi a ciki, don kowa ya san su wane ne ke riƙe da taru a kogin nan. Shi kuma sai ya ce "to", ya duba gwiwata, ya wuce. Wannan "to" ɗin ta fi zagi tayar mini da hankali.

Bayan 'yan makonni ya ƙaro wani salo. In an tashi horo sai ya tsayar da ni ni kaɗai, ya aika a kira tsohon kukun makaranta, ko mai gadin ƙofa, ko wani dattijo mai share fili, duk dai wanda ke da furfura. Sai ya tsayar da tsohon a gabana ya ce ya yi mini magana, ni kuwa ina ƙame, idona cikin nasa. Kukun ya ɗauki abin wasa, yakan zo da ludayinsa ya yi ta ba ni labarin yadda wake ya ƙone. In gwiwata ta motsa, sanda ta sauka a bayanta. In idona ya sauka, a sake daga farko. Ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na tsani shawish a kwanakin nan ba. Na tabbata wulaƙanta ni yake yi, yana jiran in gaji in fita da kaina don kada a ce shi ya kore ni.

Wata rana, yana naɗe sandarsa, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Hafsan da zai duba faretin ƙarshen shekara tsoho ne, kansa fari fat. Ya san ƙasar nan gari-gari." Na kwana biyu ina juya maganar, kowane gefe na duba barazana nake gani.

To wa ya gaya masa ni Bahaushe ne? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan. Ban kawo gwiwata a lissafi ba ko kaɗan, don a ganina ɗan motsi ne da ba ya nuna komai. Mutum ɗaya ne ya sani, saboda haka na fara sa masa ido. Sai ga shi ran nan na hango abokin nan nawa tsaye da shawish a ƙarƙashin darbejiya, suna magana, har shawish ya yi dariya, mutumin da muka ɗauka ba a halicce shi da ita ba. Kwana uku bayan haka aka sa abokina a dama ta sahun gaba, wurin da kowa ke daidaita sahu da shi, wurin da mu biyu muka fi kowa cancanta saboda tsawo. Ni aka bar ni a tsakiya. Na ce a raina, to, ga lada an biya.

Ranar Juma'a a bakin kogi na tare shi, yana dukan wando a kan dutse.

"Mi kunka tattauna da shawish ƙarƙashin darbejiya?"

"But," ya ce. "Tambayata ya yi wane irin tsumma nika murza but da shi. Na ce tsohon ɗankwalin innata."

"Ɗankwali ne ya ba shi dariya haka?"

Ya daina dukan wandon, ya juyo. "Ya zol," ya ce, wato kai mutumin nan, "lahiyarka? Ni zan kai ka? In kai ka in samu mi?"

"Ai ka samu. Kana dama, ina tsakiya."

Ya dube ni, ruwa na ɗiga daga hannunsa. "Kwana bakwai na ci tuwon gidanku," ya ce. "Wallahi ban hwaɗa ma kowa ba."

Na amsa masa da Larabci, na ce Allah ne masani. A bakin kogin nan, inda nan kaɗai ne muke da bakinmu, na amsa masa da Larabci, na kwashi kayana a jiƙe na hau. Daga ranar ban ƙara yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. In ya yi dariya da wasu, da ni ake. In ya yi shiru, ƙulli yake yi.

Akwai kuma maganar wasiƙu. Baba bai iya boko ba, limamin garinmu ke rubuta masa da ajami, a ba direban lorin da ke zuwa kasuwa. Wata rana wani ɗan ɗakinmu ya tsinci guda a ƙasa, ya juya ta, ya ga baƙaƙen Larabci ne amma ba kalmar da ya gane. Na ce masa laya ce. Ya yar da ita da sauri yana goge hannu a riga. Tun daga nan na farke gefen katifata, can nake tura su. Saura mako guda fareti, sai abokin nan ya shigo ɗakinmu, yara huɗu na zaune, ya ajiye mini wasiƙa a kan gado ya ce direban lori ne ya ba shi. A gaban mutane. Na ce lallai so yake wani ya ce mu gani. Da suka fita na cusa ta cikin katifa ban buɗe ba, na yi alkawari ba zan taɓa ta ba sai takardar shaida ta shigo hannuna.

Ranar fareti tun da hantsi fili ya cika. An yayyafa ruwa, an ja layi da farar ƙasa, an kafa rumfa ga manya, an kewaye sauran jama'a da igiya. Masu badujala suka zo. Hafsan ya sauko daga mota, tsoho kamar yadda aka faɗa, kansa fari fat, yana tafiya a hankali yana duban kowa kamar mai zaɓen rago. Da ya iso gabana ya tsaya.

"Daga ina, ya walad?"

"Bakin kogi, siyadtak," na ce, wato ranka ya daɗe.

Gwiwata ta tsaya kamar taɓarya. Idona yana cikin nasa, ban ƙifta ba. Ya gyaɗa kai ya wuce. Shawish yana bayansa, na ga gashin bakinsa ya ɗan motsa, ban san ko murmushi ba ne ko takaici.

Aka buga ganga muka taka. Ban taɓa jin tafiya mai daɗin wannan ba, ƙafafunmu duka ƙafa ɗaya, ƙasa na amsawa. Da muka zo daidai rumfa aka ba da umurnin duban dama, kawunanmu suka juya tare. A nan, bayan rumfa kaɗan, cikin fararen jallabiyu da rawuna, na ga babbar riga mai shuni da hula. Ko a cikin mutum dubu ba zan kasa gane rigar nan ba, ita ce ta idi. Baba ne tsaye riƙe da igiya. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne abokina ne ya aika masa ya zo, don a gama da ni a gaban kowa. Ban ɓata taku ko ɗaya ba.

Bayan an gama aka tsayar da mu a sahu aka ce mu sassauta, manya za su sha shayi kafin a raba takardu. Aka sauke igiya, iyaye suka shigo fili kowa na neman nasa. Na ga Baba yana tahowa, yana bin fuskoki ɗaya-ɗaya, don cikin kaki da hula duk mun zama iri ɗaya. Na roƙi Allah ya sa ya wuce ni. Bai wuce ba. Ya tsaya taku biyu daga gabana, fuskarsa ta washe, ya kira ni da sunan da ake kirana a gida.

Hafsa yana rumfa da kofin shayi, takardu na kan tebur ba a sa hannu ba, yara na dama da hagu sun juyo. Na jira gwiwata ta yi abin da ta saba, ta raba ni da zaɓi. Ba ta yi ba. Wata da watanni ana bugunta da sanda, ta koyi darasinta sarai. Na tsaya ƙyam da but a ƙafata, na dubi mahaifina cikin ido. Ranar na fara sanin kalar idonsa, ja-ja ne saboda hasken ruwa, da wani farin zobe a kewayen baƙin. Na miƙa masa hannu kamar wani baƙon da ban sani ba, na ce da Larabci, "Marhaba, ya haj."

Ya dubi hannun. Sannan ya kama shi da yatsu uku, ya ce da ɗan Larabcinsa na kasuwa, "Allah ya yi albarka, yaro." Na lura babban yatsansa ya rine da wani shuɗi, na ɗauka shunin rigar ne.

Ban san yadda za a ƙare ba, sai na ji ƙarar but daga dama. Abokina ne ya bar wurinsa. Ya miƙa wa na kusa da shi bindiga, ya cire hula, ya zo ya durƙusa a gaban Baba, wandon da ya kwana biyu yana guga ya shiga ƙasa mai laima.

"Baba, sannu da zuwa," ya ce da Hausa, da murya sosai. "Kun zo lahiya? Yaya su inna? Yaya ruwa bana?"

Baba ya ƙara dubana sau ɗaya, gajeren kallo. Sai ya juya ya ɗora hannu a kan abokina, ya amsa masa gaisuwar tiryan-tiryan, ya tambaye shi karatu, ya tambaye shi mutanen Hajj Abdalla, kamar dai shi ya zo gani. Na ji raɗa ta bi sahu, na ji kalmar nan ta Fallati da nake gudu tana wucewa daga baki zuwa baki, wani ya ƙyalƙyale da dariya. Kowa ya ɗauka tsohon ya yi ɓatan kai ne kafin ya gane ɗansa. Abokina bai waiwaya ba. Ya tashi ya raka Baba har ƙofar makaranta, ya dawo ya karɓi bindigarsa. Da aka kira sunana na fita na sara wa hafsa, na karɓi takardata, aka tafa mini.

Da la'asar muka je mayar da kaya ma'aji. Na bari kowa ya fita, na miƙa wa shawish bindiga, na ce ina da tambaya. Na ce wa ya gaya masa.

"Gaya mini me?"

Ya duba bakin bindigar, ya jingine ta.

"Ba wanda ya gaya mini komai," ya ce. "Yaron da ke rage tsawo in ya ga furfura, na san irin gidan da ya fito. Tun ranar farko na sani. Hafsan nan ma da ya gani da ya sani, kuma ban san abin da zai yi da sanin ba." Ya ɗauki rajistarsa ya rufe. "A gaban hafsa na ce ka miƙe. Abin da na gani bayan nan ba ni na koya maka ba."

Har yau ina zargin shawish ɗin nan namu ne, Bahaushe. Ba ni da shaida. Sai dai lokacin da ake raka Baba ƙofa, sun wuce ta gabansa, kuma na ga kamar takunsa ya gajarta, shi da yake auna taku da sanda. Ban tambaye shi ba, ba zai faɗa ba.

Na koma ɗaki na tarar da abokina yana jirana. Ya ajiye mini wani ƙunshi a kan gado, cikin ƙyallen da Baba ke naɗe carbinsa. Na buɗe. Takardar jinsiyya ce, da hatimi, da sunan mahaifina, da nawa a ƙarƙashi, ga kuma tambarin babban yatsa da shuɗin tawada a gindinta.

"Kwana uku yana Sinja," in ji abokina. "Shi da dattawa biyu masu shaida, kullum suna zaune ƙofar markaz, ofishin hukuma. Jiya anka ba shi. Ya ce ya rubuto maka zai zo."

Na sa hannu cikin katifa na jawo wasiƙar. Layi huɗu ne. Liman ya rubuta cewa Baba ya ji an ce ba a shiga soja sai da takarda, ya ce tunda abin da yaron ke so ke nan, zai je ya ba su yatsan. Ya ce in Allah ya yarda zai tsaya ya ga faretin, in gaya masa in akwai wani abin da ake zuwa da shi.

Na ba abokina haƙuri da Hausa, a cikin makaranta, ban ma duba ko akwai mai ji ba. Ya ce da Larabci, "Ma'alesh," wato ba komai, ya fita. Mun ƙara shekara guda tare, bai taɓa ƙin gaishe ni ba, bai kuma ƙara yi mini Hausa ba, ko a bakin kogi. 'Yan ajinmu suka sa shi gaba da tsokana har muka gama, yana dariya yana ramawa, bai taɓa nuna ni da yatsa ba.

Takardun nan biyu sun yi aikinsu, na shiga inda nake so, na yi shekaru ina sara wa mutane ana sara mini. Amma abin da na fi tunawa shi ne hutun da ya biyo bayan faretin. Na sauka daga lori na bi ta gonakin albasa, tun daga bakin darni na tuɓe takalmi. Baba yana zaune a inuwa da taru a cinyarsa. Na durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa, na sa ido a kan tabarma, na gaishe shi, ina jiran faɗa. Da faɗan ya yi, ko da duka, da na ji daɗi.

Ya ƙarasa ƙullin da yake yi, ya ciji zaren ya tsinke.

"Tashi, soja," ya ce. "Kar ka ɓata wando."

Ba kaki ne a jikina ba, tsohuwar jallabiya ce. Na ɗago kai na ga ya miƙo mini hannu, tawadar ba ta gama fita daga gefen farcensa ba. Ya rayu shekaru da yawa bayan nan, bai taɓa tayar da maganar ba. Ƙannena suna durƙusa masa yana dafa kansu. Ni kuwa duk ranar da na zo gida, kafin in kai ƙasa ya riga ya miƙo hannu.